Daso, Wadda Ta Mayar da Gidana Masaukin Masu Ciki

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran ƙawata Daso. Ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta riƙe wani muƙami ba, kuma na san da za a ce mata ga sunanta a jarida, sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Haba Malama, tonon asirin har a takarda?" To sai dai ta yi haƙuri. Na yi shiru iya shiru. Yanzu tsufa ya fara taɓa ni, ina tsoron kada labarinta ya tafi tare da ni.

Na san ta ne lokacin da aka tura ni koyarwa wata firamare a wani ƙauye kusa da Sara, a ƙasar Gwaram. Ina sabuwar malama, ga ni sabuwar amarya, ban san kowa ba. Ranar da ta fara yin sallama a gidan da muka kama haya, da ƙwaryar nono a kanta, na ɗanɗana na ce mata ina jin kamar da ruwa a ciki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Akwai ruwa mana. Saniyar ce ta sha shi a rafi, sai ki je ki yi mata faɗa." Na yi dariya har na ƙware. Daga ranar gidana ya zama inda take sauke ƙwarya, ta yi sallar azahar, ta miƙe ƙafa kafin ta kama hanyar gida.

Doguwa ce, siririya, mai dariyar da ake jiyowa daga bayan katanga. Mutanen rugarsu ma kan tsokane ta su ce tabbas musayarta aka yi a kasuwa tana jaririya, don ba a san 'yar Fulani da irin wannan baki ba. Rugar tasu tana hayin wani rafi. Mazauna ne tun kakanni, suna noman gero da dawa, Hausa ma ta fi yawa a bakin yaransu, tsofaffi ne ke riƙe da Fillanci. Sai dai shanu ba sa barin mazansu su zauna. Da rani su kora su kudu neman ciyawa, da damina kuma su kau da su daga gonakin mutane su shige daji. Saboda haka yawancin shekara rugar ta mata ce da yara da 'yan dattawa.

A bakin Daso na fara fahimtar yadda haihuwa take a wajensu. Mace takan ɓoye cikinta, musamman na fari, kamar wadda ta yi laifi. Ko uwar mijinta ba za ta faɗa wa ba. In naƙuda ta zo, yabon mace shi ne a ce ba a ji ko nishinta ba, sai kukan jariri aka jiyo. In kuwa abin ya zo da gardama, ba mai ikon ɗaukar ta zuwa asibiti sai da yawun mijinta, mijin kuma yana can inda sai an yi tashi an yi tambaya kafin a gano shi. In an samo izinin, ga rafi ya cika. In an haye rafin, ga hanya babu mota sai ranar kasuwa. Waɗanda suka daure suka je wata ƙaramar shan-magani da ke yankin a wancan zamani, wadda ba zan ambaci sunanta ba, wasu sun dawo suna cewa an toshe hanci an ce suna warin man shanu. Mace ɗaya ta dawo da irin wannan labari, ta hana goma zuwa.

Daso tana da ƙanwa, Kumbo. Haihuwarta ta biyu jini ya ɓalle mata da hantsi. Aka tashi mutum ya je daji neman mijin. Kafin ya dawo da amsa, an riga an yi mata wankan gawa. Sau ɗaya tak Daso ta ba ni wannan labari, tana tsince gero a tsakar gidana, ba ta ɗago kai ba har ta gama. Abin da kawai ta ƙara shi ne, "Amsar da ya aiko da ita, a kai ta ne, Malama. Cewa ya yi a kai ta." Ba ta sake ta da zancen ba, ni ma ban sake ba. Amma duk abin da ta yi daga baya, daga nan ya taso.

Da aka mayar da ni aiki Birnin Kudu, muka tare a gidan maigidana, Malam Sule, wanda tela ne a kasuwa. Gidan ba shi da nisa da babban asibiti. Na ɗauka zumuncinmu da Daso zai yi sanyi. Ina! Wata biyu ba a yi ba sai ga ta ta biyo motar kasuwa, wai ta zo ganin ɗaki. Ta zagaya gidan kamar mai shirin saye, ta tsaya a ƙofar wani ɗaki da muke zuba tarkace, tsohon keken ɗinki da buhunan masara da tabarmin da suka mutu.

"Wannan ɗakin me yake yi?"

Na ce hutawa yake yi.

Ta ce, "Ya huta haka nan."

Ban gane abin da take nufi ba sai bayan 'yan makonni, da ta yi sallama da wata mata a bayanta, ciki ya yi gaba, tana ta sunne kai. Daso ta ce haihuwar matar ta baya da ƙyar aka sha, ga damina ta kusa, in rafi ya cika shi ke nan. Za ta zauna a wajena har ta sauka. Ba roƙo ta yi ba, sanarwa ce. Da Malam Sule ya dawo daga kasuwa na kai masa zancen ina ta kame-kame. Ya ce, "'Yar Fillon nan dai ta raina mu. To a fitar da masarar, a share ɗakin, kada a ce baƙuwa ta kwana da gara a gidana." Allah Ya saka masa. Da ya ce a'a a ranar, da wannan rubutu bai samu ba.

Yau in na ga matan karkara sun cika benci ranar awo, wasu da katinsu a cikin leda, wasu suna latsa waya, nakan tuna yadda matar nan ta farko ta yi a bakin ƙofar asibiti. Tirjewa ta yi, ta ce ita dai a mai da ita gida ta mutu a ɗakinta. Daso ta kama hannunta ta ce, "Ni zan fara shiga. In kin ga sun cinye ni, sai ki gudu." Haka ta shiga, ta miƙa hannu aka gwada jininta, ta hau sikeli, ta ce wa nas ɗin ita ma a duba ko tana da ciki, alhali ta daɗe da barin haihuwa. Duk ɗakin aka fashe da dariya, har matar da ke tirjewa. Tun daga ranar ma'aikatan wajen suka san ta. In sun hango ta sai su ce ga shugabar Fulani nan ta kawo mutanenta. Ita ce tafinta in tsohuwa ba ta jin Hausa sosai, ita ce mai tuna wa kowa yadda za ta sha maganin ƙarin jini, ita ce kuma mai faɗa in an bar wata a tsaye.

Amma matsalar izini tana nan. Matar nan ta farko mijinta yana gida, shi ya yarda. Saura fa, waɗanda mazansu ke daji? Daso ta daɗe tana juya abin a ranta, har aka yi wani suna a rugar gab da faɗuwar damina, lokacin da maza suka dawo daga kudu ba su kai ga shiga daji ba. Ta gayyace ni, na je. Ina zaune cikin mata a bayan zana, duk abin da ya faru a kunnena.

An raɗa suna, an yi addu'a, maza sun baje a gindin wata tsamiya suna jiran fura. Daso ce kuwa mai damun ranar. Aka jira, shiru. Rana ta fara zafi. Can sai ga ta ta fito hannu sake, ta durƙusa nesa kaɗan da Arɗo, wato dattijon da ke shugabantar rugar, wanda yake wan mahaifin mijinta.

"Baffa, ina da magana. Furar nan kuwa ba za ta fito ba sai na faɗe ta."

Arɗo mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Daso, ashe yau da yunwa za ki yaƙe mu. Faɗi."

"In saniyar Ja'e ta kasa haihuwa, shi kuma yana can nesa, aikawa kuke yi a tambayo shi kafin ku taimake ta?"

Ja'e ɗan Arɗo ne, bai daɗe da aure ba. Arɗo ya ce, "Wa zai tsaya aike? Ai kafin a dawo ta mutu."

"To matarsa fa, Baffa?"

A bayan zana wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati. Daso ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ta zo raina kowa ba, ta san mace ba ta fita sai da yardar mijinta, kuma ba ta neman a canza wannan. Abin da take roƙo, kowane magidanci ya ba da yardarsa tun yanzu, a gaban Arɗo da liman, kafin ya kora shanu, cewa in ciki ya zo wa matarsa da matsala, ko an ga alamar zai zo da ita, a kai ta asibiti ba sai an neme shi ba. Liman ya gyara zama ya ce shi dai bai ga aibin wannan magana ba, ceton rai ba abin jinkiri ba ne.

Sai aka shiga kallon-kallo. Kowa na jin kunyar ya buɗe baki ya yi zancen cikin matarsa a gaban iyayensa. Daso ta dubi Ja'e. Yaron nan ya sunkuyar da kai har rawaninsa na shirin faɗuwa, ya ce, "Ni duk abin da Baffa ya ce."

Arɗo ya ce, "Ni ban ce komai ba tukuna. Yunwa dai nake ji."

Dariyar da aka yi ita ta warware komai. Arɗo ya bari ta lafa, sannan ya ce duk macen da ke ƙarƙashin rugar nan, shi ya ɗauki nauyin izininta, wanda bai yarda ba ya yi magana yanzu. Mutum biyu suka yi gunaguni, ɗaya ya tashi ya bar wajen. Saura suka ce sun yarda. Arɗo ya ce, "To, a kawo furar nan kafin mu ma a kai mu asibitin." Ban taɓa shan fura mai daɗin ta ranar ba.

Da Daso tana raye yau, ina jin abin da zai fi ba ta mamaki waya ce. Yanzu makiyayi yana can cikin daji, in ya hau tudu ya sami sabis, sai ya ji muryar matarsa. Izinin da a da sai an yi tafiyar yini, yanzu ƙiftawar ido ne. Na san abin da za ta ce: "Da wannan abin ya zo da wuri, da ban bar dattawa da yunwa ba." Amma na kuma san ba za ta sakankance ba. Za ta tambaya, in cajin ya ƙare fa? In yana kwari inda babu sabis fa? In kuma matar ce kunya ta hana ta faɗa masa abin da take ji? Wannan ta ƙarshen ce babba, kuma babu wayar da ta magance ta har yau.

Pendo, matar Ja'e, ita ce shaidata a kan haka. Cikinta na fari ne, mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, danginta kuma sun yi ƙaura can cikin ƙasar Bauchi, don haka babu gidan da za a kai ta goyon ciki kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Ba ta gaya wa kowa cewa kanta na sara ba, ba ta ce tana ganin duhu-duhu ba. Daso ce ta lura warwaron hannunta sun nutse cikin fata, takalminta kuma ya daina shiga. Ta san in ta ce mata asibiti, yarinyar za ta ce lafiyarta ƙalau. Sai ta je wajen Arɗo ta ce za ta kai Pendo goyon ciki gidan uwarta. Ya ce wace uwa kuma? Ta ce, "Ta Birnin Kudu." Haka aka naɗa ni uwa ba tare da an shawarce ni ba.

A wajen awo aka ce jininta ya hau sosai, kuma 'yan biyu ne, kada ta yi nisa da asibiti. Aka ɗora ta a kan magani. Makonnin da ta yi a gidana suna cikin mafi daɗin da na tuna. Da farko ko abinci ba ta ci a gabanmu, in Malam Sule ya yi gyaran murya a zaure sai ta ruga ɗaki da wannan ƙaton ciki. Fanka ma tsoronta take ji, wai za ta tsinke ta yanke mata kai. A hankali ta sake. Ta koya wa 'ya'yana mata yadda ake kaɗa nono a fitar da mai, su kuma suka koya mata ɗan wake, ta kamu da sonsa har sai da nas ta ce a rage mata gishiri da kanwa. Daso tana zuwa tana komawa, har ruwa ya yi ƙarfi, rafinsu ya fara kawowa. Sai ta ce wannan karon ba za ta koma ba, kada ruwa ya tsare ta a can.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Pendo na shanya a tsakar gida, sai muka ji faɗuwar bokiti. Muka fito muka tarar da ita a ƙasa jikinta na jijjiga, idanu sun kafe. Ban san lokacin da na fita titi ba mayafi ba. Maƙwabcinmu mai mota ya ɗauke mu, kafin a ce haka muna asibiti. Na sha tunani daga baya, da a ruga abin nan ya same ta, a ranar da rafi ke cin itatuwa, mijinta kuma na daji, da labarin Kumbo za a maimaita.

Likita ya ce sai an yi tiyata yanzu-yanzu, wa zai amince? Daso ta matso ta ce ita ce, da yawun Arɗo da na mijin, an ba ta a gaban shaidu. Aka shiga da Pendo. Can aka fito aka ce jarirai sun fito da rai, mace da namiji, amma uwar ta zubar da jini, ana bukatar ƙari. Aka gwada nawa, bai dace ba. Na Daso kuma aka ce ita kanta bai ishe ta ba. Na aika kasuwa a kira Malam Sule.

A nan sai na faɗi wani abu game da maigidana, ya yafe mini. Mutumin da ya yi rayuwarsa da allura a hannu, babu abin da yake tsoro a duniya kamar allurar asibiti. Zazzaɓi zai kwantar da shi ya ce shi dai a ba shi ƙwaya. Ya iso da tef ɗin awo a wuya, aka gwada, aka ce nasa ya dace. Na ga gumi ya karyo masa. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin tiyata, ya ce, "'Yar da ta ci ɗan waken gidana? A ɗiba." Ya kwanta ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ya sani. Daso ta tsaya daga bakin ƙofa tana ce masa, "Malam, daure. In ka suma, wallahi har kasuwar Sara sai na kai labari." Bai suma ba. Kafin la'asar Pendo ta buɗe ido ta tambayi ruwa.

Da rafi ya janye, Arɗo ya zo da kansa, Ja'e na biye da shi yana ta noƙe-noƙe. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo Hassana da Husaini. Pendo ta fito ta durƙusa ta gaishe da surukinta. Daso ta jira sai da ya gama sa albarka, sannan ta ce, "Baffa, akwai abin da ba a gaya maka ba. Surukarka yanzu da jinin Kaɗo take yawo." Kaɗo shi ne sunan da suke kiran Bahaushe da shi. Ta ba shi labarin duka. Arɗo ya yi ta shafa gemu, har na fara jin tsoro. Can ya ce, "Shi ya sa. Na ji ta gaishe ni da ƙarfi kamar mai tallan goro." Malam Sule ya yi dariya har da hawaye.

Bai tsaya nan ba. Dattijon nan ya ce a raka shi asibiti a ɗebi nasa a mayar wa Malam abinsa. Aka yi masa bayani cewa ba haka ake yi ba, shi ma shekarunsa sun wuce, amma in ɗansa ya bayar, za a ajiye wa wata matar da za ta bukata. Ya juya ya dubi Ja'e. Wannan karon Ja'e bai jira an tambaye shi ba, ya naɗe hannun riga. A rugarsu a da, ana cewa wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara yin ƙarfi. Da suka ga Ja'e ya koma yana kayar da bijimi kamar yadda ya saba, wannan zance ya mutu da kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya tafi sumul. Akwai waɗanda suka riƙa cewa Daso tana kai mata a farke musu ciki. Mutumin da ya tashi ya bar gindin tsamiya bai taɓa yarda ba, matarsa kuma ta sha wuya a wata haihuwa, ta tsira da ranta amma ɗan bai zo da rai ba. Akwai wadda muka kawo a makare, ba ta koma gida ba. A irin waɗannan ranaku Daso ba ta dariya. Takan zauna a bakin ɗakin nan ta yi tagumi, in na yi magana ta ce, "Bar ni, Malama, gobe zan tashi." Gobe kuwa sai ta tashi. Ban san yawan matan da suka kwana a ɗakin ba, ban taɓa ƙirgawa ba. Na dai san har daga rugagen wajen Kwandiko an zo, mutanen da ita kanta ba ta san su ba, an dai ce musu su nemi gidan tela.

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. Ita da ta kai kowa asibiti, da nata ya zo ba ta yi gardama ba, ta zo ta kwanta a ɗakin baƙin nata, tana cewa yau ita ma ta zo goyon ciki. An yi iya ƙoƙari, kwana ya ƙare. Da na je gaisuwa rugar, mata suka riƙa turo mini yara ɗaya bayan ɗaya, wannan a gidanki aka haife shi, wannan ma, har na rasa wanda zan ɗauka.

Me za ta ce da ta ga yau? Za ta yi murna da babura da 'yan keke masu ƙafa uku da ke shiga har kusa da rugarsu da rani. Za ta yi murna da ƙananan asibitocin da suka ƙaru a ƙauyuka, da yadda ake karɓar matan ruga yanzu ba tare da toshe hanci ba. Hoton ciki kuwa, na tabbata sai ta ce a haska ta ita ma. In aka gaya mata Hassanar Pendo tana makarantar koyon aikin unguwarzoma, ina jin sai ta yi guɗa a tsakiyar titi. Amma za ta tsaya a bakin rafin nan ta tambaya, har yanzu babu gada? Za ta tambayi dalilin da ya sa wata shan-maganin ke rufe da yamma, alhali naƙuda ba ta san yamma ba. Za ta lura makiyaya ta ƙara ƙanƙancewa, maza na tafiya nesa fiye da da, suna daɗewa fiye da da. Za ta kuma ga 'yan mata masu cikin fari har yanzu suna ɗaure ciki da zane suna cewa lafiya lau. Ba na jin za ta zauna zagin kowa. Za ta nemi wanda ke da iko a kan abin, ta jira ranar da yake jin yunwa.

Daso ba ta bar dukiya ba. 'Yan shanunta an raba, ƙwaryarta ta fashe tuni, ko hoto ɗaya ba ni da shi nata, don duk sanda aka ɗaga kyamara sai ta juya baya. Yaran da ke tasowa a rugar da yawa ba su san ta ba. Da farko wannan yana damuna.

A farkon daminar nan, wani saurayi ya yi sallama a ƙofar gidana, da ƙullin kaya a kafaɗa da jarkar nono a hannu, amaryarsa na bayansa da tsohon ciki. Ban san shi ba, daga wata ruga yake ta gaba da tasu Daso. Ya gaishe da Malam Sule, ya ce zai shiga daji da shanu, shi ne ya kawo iyalinsa ta zauna kusa da asibiti, in an bukaci jini a kira ƙaninsa, ya bar shi a gida saboda haka. Na tambaye shi wa ya ba shi wannan shawara. Ya dube ni da mamaki, kamar na tambaye shi wa ya koya masa tatsar nono.

"Inna, ai al'adarmu ce. Haka muka taras ana yi."

Na ce masa ya san wata mata Daso? Ya yi tunani ya ce a'a, 'yar ina ce?

Malam Sule ya buɗe baki zai yi bayani, na girgiza masa kai. Na karɓi jarkar nonon, na kama hannun yarinyar muka shiga ciki. Al'adar da yake taƙama da ita ko shekarunsa ba ta kai ba, kuma na san wadda ta ƙirƙiro ta, na san ranar, na sha furar. Allah Ya jiƙan Daso, Ya sa ta huta.